Na sabunta komai, kod ɗina ya ƙi tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, da Python nake furojet ɗina a Jupyter. Shekaranjiya na ga fakej ɗina (shiryayyun kod da ake ɗorawa a kan Python) duk sun tsufa sai na buga conda update --all don manhajar conda ta sabunta su duka, na je na kwanta, da safe kod ɗin da wata uku yana tafiya lafiya lau ya ƙi, sai jan rubutu kawai, wai DataFrame ba shi da append. Saura sati biyu difens, don Allah ya zan yi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki ƙanwata, aikinki na nan bai lalace ba. Pandas ɗinki, wato fakej ɗin da DataFrame (teburin bayanai) yake ciki, ita ce ta tsallaka zuwa 2.0 ko sama da haka, ita kuwa 2.0 da ta fito a Afrilun 2023 an cire mata append gaba ɗaya, tun a 1.4 ake ta gargaɗi a kai. In wuraren da kika sa append a kod ɗin ba yawa ki canza shi da pd.concat ki wuce. In kuma matsalolin sun yi yawa, buga conda list --revisions, zai jero miki duk canjin da aka yi da lambarsa, sai ki buga conda install --revision ki sa lambar da ke kafin ta shekaranjiya, komai ya koma yadda yake. Ki tabbata da caji a laftof da isasshiyar data kafin ki fara, don in ya katse a tsakiya wani sabon aikin ne.

Abin da ya fi damuna shi ne --all ɗin nan ana tsakiyar aiki. Fakej ɗin nan jingine suke da juna, pandas da scikit-learn da matplotlib duk a kan NumPy suke tsaye, da NumPy 2.0 ta fito a Yunin 2024 fakej da yawa da aka gina kan tsohuwar sun ƙi buɗewa sai da masu su suka fitar da sababbi, mutane sun sha wuya sosai a lokacin. Shi ya sa kowane furojet ki ware masa ɗakinsa, wato environment mai nasa fakej ɗin daban, da conda create -n haɗe da sunan ɗakin, in kina son gwada sabon abu ki buɗe wani ɗakin daban ki gwada a can, ya yi ki koma, bai yi ba ki goge shi ba ki yi asarar komai ba.

Ba na ce a daina sabuntawa ba fa, wanda har yau yake kan Python 3.8 ya sani tun Oktoban 2024 aka daina toshe mata ɓarakar tsaro, ya kamata ya matsa. Amma ke sai bayan difens. Yau ɗin nan da zarar kod ya tashi ki buga conda env export > environment.yml, zai rubuta jerin fakej ɗinki da lambobinsu don ki iya maido da su in wani abu ya sake faruwa, ki tura fayil ɗin a imel ɗinki.