Tsutsar ƙasan teku ba ta gudu

Wai me ya sa muke wahalar tace laka don gane ƙazantar teku alhali kwalbar ruwa ɗaya ta isa a kai ɗakin gwaji? Kai yaro, ruwan da ka ɗiba da safe, kafin azahar igiyar ruwa ta yi gaba da shi. Tsutsa da dodon koɗi da ke cikin taɓo ba su da inda za su. Abin da aka zuba musu wata da watanni, a jikinsu za ka karanta shi.

Tambayar nan taka ta tayar mini da wani tsohon miki. Wani ɗan kwangila ya taɓa ɗaukar mu aiki a bakin wata masana'anta da ke zubar da dagwalo cikin teku. Kafin alƙalami ya bayar kaɗan, hayar jirgi da mai duk daga aljihuna. Muka saki ƙarfen Van Veen, wanda ke damƙo laka daga ƙasan teku, ya fito da laka baƙa ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da muka wanke a rariya mai ido rabin milimita, sai ga jajayen tsutsotsi sirara kamar zare, jinsi ɗaya tal, Capitella, wadda ba ta yin yawa haka sai inda ƙazanta ta kori kowa. Amfifod, 'yan mitsi-mitsin nan dangin jatan lande, ko ɗaya babu. Su ne farkon mutuwa. Da jirgin Amoco Cadiz ya zubar da mai a gaɓar Faransa a 1978, sai da aka yi shekaru kafin su dawo.

Mutumin ya leƙa faranti, ya washe baki, wai ai ga rai nan birjik, in rubuta wuri lafiya lau. Na ce hannuna ba zai sa ba. Ya tafi ya samo wani mai kwalba, ya auna ruwan sama lokacin da teku ta cika, aka buga masa hatimi. Cikon kuɗina har yau. Allah ya isa.

Yadda ake zuba fomalin, maganin hana tsutsotsin ruɓewa, ba zan tsaya koya maka ba, kowane sakarai ya sani. Ku 'yan zamani so kuke waya ta ƙirga muku komai. Ƙirga jinsi nawa ne kafin ka ƙirga kawuna. Kuma takardar shaidar kwalbar tsutsotsi da ka rubuta da biro jiya, sake ta da fensir, ka jefa cikin kwalbar, tun alkohol bai cinye tawadar ba.