Saurayinta ya ce magani ya mayar da jininsa AA, in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yayana ya rasu ya bar mini 'ya'ya mata uku, ni ne waliyyinsu. Kullum ina zaunar da su ina yi musu nasiha kan samari da zaman duniya, kuma suna jin maganata. Babbar mai shekara 22 AS ce, wato tana ɗauke da gadon ciwon sikila. Yaron da take so shi ma da farko AS aka ce, amma ya sha maganin wani mai magani wata uku, ya kawo takarda cewa ya koma AA. Danginsa na son a sa rana bayan Sallah. Yarinyar na kuka, ni kuma barci ya ƙaurace mini. In bayar da ita? Daga wani baffa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baffa. Allah ya jiƙan yayanka, ya saka maka da riƙon marayu. Kada ka sa rana a kan wannan takardar.

Babu jiƙo, babu tsimi, babu garin magani ko allurar da take mayar da AS ta koma AA. Ban san sau nawa zan faɗi wannan ba. Kusan kowane mako sai wani ya shigo ofishina da takardu biyu, ɗaya AS ɗaya AA, yana murmushi wai an yi masa aiki. Jinotaif, wato kasancewar mutum AA, AS ko SS, gado ne, rabi daga uwa rabi daga uba, an rubuta shi tun ranar da aka ɗauki cikin mutum, kuma yana cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinsa. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi su mutu, ɓargo ya ƙera sababbi, kuma da tsohon zubin nan zai ƙera su ko an sha tulu goma na magani. Kai, ko dashen ɓargo, wanda ke iya raba mai SS da ciwon sikila, jinin jikinsa kawai yake sauyawa. Abin da zai gadar wa 'ya'yansa yana nan yadda yake. To in aikin da ake kashe miliyoyi a kansa bai taɓa gadon ba, ina ga ƙullin da aka saya a bakin tasha?

Idan sakamako biyu suka saɓa, ɗaya daga ciki kuskure ne ko ƙarya. Akwai ɗakunan gwaji na lungu da ke aiki da lalatattun sinadarai, akwai masu musanya kwalaben jini saboda gaggawa, akwai kuma wanda za a ba shi ɗan abin goro ya buga abin da ake so. Mai maganin ya san da haka, shi ya sa yakan ce wa mutum ga wurin da zai je a sake gwada shi. Wannan ne ke ƙona mini rai. Ya karɓi kuɗinsa ya wuce gari na gaba da lasifikarsa, mu kuma bayan shekara ɗaya da rabi a kawo mana jaririya 'yar wata shida, hannuwa da ƙafafu sun kumbura sumtum, ido ya yi ruwan ɗorawa, tana tsala kukan da nono ba ya tsayar da shi. Na ga uwa 'yar shekara ashirin zaune a ƙasan ɗaki ƙarfe ukun dare cikin hunturu, tana gasa wa ɗanta gwiwa da tsumma da ruwan ɗumi, mijin yana waje yana neman wanda zai ba da jini leda ɗaya. Ita ma takardar AA aka nuna wa iyayenta.

Ba na ce yaron maƙaryaci ne ba, mai yiwuwa shi ma cutarsa aka yi. Ka ɗauke su su biyu da kanka zuwa asibitin koyarwa, irin na Aminu Kano, a yi musu gwajin ilaktiroforesis ko HPLC, kai ne za ka karɓo sakamakon da hannunka. A tambaya ko an ƙara wa ɗayansu jini cikin wata uku da suka wuce, don hakan na rikita gwajin. Dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta wajabta gwaji kafin aure a Kano, amma liman takarda kawai zai gani, ba zai san inda aka buga ta ba.

In ya tabbata AS ne, za a zo maka da zancen ai ɗaya ne cikin huɗu ake haifa da sikila idan AS ya auri AS. Wannan lissafin kowane ciki ne daban, ba layi 'ya'yan ke bi ba. Na san gida mai 'ya'ya huɗu, uku masu sikila.

Ƙannen nata biyu kuwa, ka kai su gwaji tun yanzu, kowacce ta san nata kamar yadda ta san sunanta. Cikin nasihar da kake yi musu ka ƙara wannan: maganar jini a farkon zance ake yin ta, kafin kuɗin gaisuwa, kafin zuciya ta yi nisa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da S, wato gadon sikila, don haka ba abin kunya ba ne a tambaya.

Za a ce maka ka rasa tawakkali. Ka tuna musu da mai raƙumin da Annabi (SAW) ya ce wa ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Waliyyi amana aka ba shi, Baffa, kuma za a tambaye ka. Ka kira yarinyar nan ita kaɗai, ban da faɗa, ka bar ta ta yi kukanta ta gama. Sannan ka kawo mini ita ranar da muke duba masu sikila, ta zauna da iyayen yaran awa ɗaya, ta tambaye su duk abin da take so.