Bindigar iskata ta yi sanyi: in ɗiga mata gazuwal ko in canza resor?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da bindigar iska irin wadda ake karyawa a ɗana, mai cin ƙwaya milimita 4.5. Ina harbin gafiya da ɓeraye da ita a wajen rumbu. Bana ta yi sanyi, kuma saitinta ya watse. Wani abokina ya ce in ɗiga gazuwal a bayan ƙwayar, wani kuma ya ce in sa mata resor mafi kauri. Wanne ya fi? Daga wani mai karatu a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gazuwal ɗin nan ka rabu da shi tun yau. In ka ja kunama, resor yana tura fistan, shi kuma ya matse iska cikin ƙiftawar ido har ta yi zafi ƙwarai. Duk man da ke ci da wuta, in ya samu kansa a nan, fashewa zai yi kamar a injin babbar mota. Za ka ji ƙara, ka ga hayaƙi, ka ɗauka ƙarfi ya zo. Amma fashewar tana dukan fistan ta baya, tana ƙona robar kansa, tana karya resor. Na sha buɗe irin waɗannan: robar ta yi baƙi ƙirin, gefenta ya zagwanye, resor ya rabu gida biyu.

Ni a ganina ƙarfi ba shi ne matsalarka ba. Bindigogin da ake gasar Olamfik da su a nisan mita 10 ƙwaya 4.5 suke ci kamar taka, ƙarfinsu bai wuce jul 7.5 ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi), kuma ɗigon tsakiyar da ake bara faɗinsa rabin milimita ne. A Ingila iyakar da doka ta yarda a riƙe ba lasisi kusan jul 16 ce, da ita kuma suke farautar zomo. Ƙwayar darma, da ƙugunta siriri da buɗaɗɗen gindinta, an ƙera ta ne don ta tafi ƙasa da gudun sauti, wato kusan mita 340 a daƙiƙa. In ta matsa kusa da nan sai ta soma rawa a iska. Ƙwayar da ta wuce kunnen gafiya da gudu ba ta tsare maka hatsi ba.

Fara da abin da ba ya cin ko dala. Ɗauki turnabis ka ɗaure sukurorin da ke riƙe ƙarfe da katako, biyu a gaba, ɗaya ko biyu wajen kunama. Zafin Tawa yana busar da katako, girgizar harbi kuma tana kwance su a hankali. Sau da yawa nan kaɗai ciwon yake.

Sai ka karya bindigar ka dubi ƴar robar zoben da ke kewaye da inda kake sa ƙwaya. In ta lotsa ko ta tsage, iska tana tsere ta nan. Gwajin mai sauƙi ne: sa ƙwaya, ɗora guntun takarda mai laushi a kan mahaɗar, ka harba cikin tudun yashi. In takardar ta yi tsalle, robar ta mutu, kuma canza ta aikin minti biyar ne. Bututun kuwa, ƙurar hunturu tana taruwa a ciki. Ka ja tsumma mai tsabta da zaren nailan daga baya zuwa gaba. Kada ka cusa waya, za ta kankare zanen da ke juya ƙwayar, musamman a bakin bututun.

Ƙwaya ma ba ɗaya ba ce. Zuba gwangwanin a faranti ka duba: wadda gindinta ya lanƙwashe ka ware ta. Sayi iri biyu ko uku, ka kafa kwali a mita 20 da bangon ƙasa a bayansa, ka harba biyar biyar. Wadda ramukanta suka taru har tsabar dala ashirin ta rufe su, ita ce abincin bindigarka. Kuma kada ka damƙe ta kamar taɓarya. Ɗora gabanta a buɗaɗɗen tafin hannu, wuri ɗaya kullum, ka bar ta ta yi motsinta, domin fistan yana gama tafiyarsa ne ƙwayar tana cikin bututu.

In duk wannan bai yi ba, to matsalar a cikin bindigar take. Nan ina roƙonka ka kai wa mai gyara. Resor ɗin a matse yake ko ba a ɗana ba, in ka cire murfin baya ba abin tokare shi, zai iya tashi ya same ka a ido. A sa sabuwar robar fistan, da resor daidai da na asali, a shafa masa giris mai moli (wani sinadari mai sa ƙarfe santsi) kaɗan kaɗan, kada ya kai gaban roba. Resor mai kauri fiye da ƙima yana wahalar da ɗanawa, yana ƙara girgiza, yana cinye ƙugiyar kunama, kuma ɗan ƙarfin da zai ƙara bai taka kara ya karya ba. Ƙugiyar kunamar ma kada kowa ya goge ta da zarto don ta yi laushi, haka bindiga ke tashi da kanta a hannun mutum.

Kada ka harba ta babu ƙwaya a ciki, kada kuma ta kwana a ɗane. Ka wanke hannu bayan taɓa darma, ka ɓoye gwangwanin daga yara. Da yake daga nesa ba a bambanta ta da ta gaske, a halin tsaron da jihar ke ciki, ka leƙa komisariya ko wajen jandarma ka tambayi ƙa'idar riƙe ta kafin ka fita da ita bayan gari.