Tambayarku: Tsohon Yarona Yana Son Buɗe Gidan Burodi da Sunana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan burodi a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, shekara 9 ke nan. Da itace muke gashi, kuma masu shayin yankinmu sun san ledarmu. Wani tsohon yarona da ya koma Taura yana so ya buɗe nasa da sunana da ledata, ya riƙa ba ni wani abu duk wata. Ya ce haka Turawa ke yi. Gaskiya ne? Kuma yaya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya ƙara albarka a sana'a. Yaronka bai yi maka ƙarya ba, akwai wannan tsari, Turawa na ce masa faranchayis. Mai suna ya ba wani izinin amfani da sunansa da salon aikinsa. Shi wanda aka ba, shi zai zuba jarinsa, riba da asara nasa ne, sai dai ya biya kuɗin shiga sau ɗaya, sannan ya riƙa ba mai suna wani kaso daga ciniki.

Ga misalin da ya fi kama da naka. A shekarar 1976 wasu miji da mata, Pete da Laura Wakeman, suka buɗe ƙaramin gidan burodi mai suna Great Harvest a garin Great Falls, jihar Montana ta Amurka, yankin manoman alkama. A 1978 aka buɗe na farko a hannun wani, a garin Kalispell. Daga nan abin ya yi ta yaɗuwa a jihohi, har ma'auratan suka sayar da kamfanin a 2001. Abin da ya burge ni shi ne, ba a gasa burodi a wata babbar masana'anta a yi ta rabawa a mota ba. A zamanin ma'auratan, kowane shago shi ke niƙa alkamarsa a cikin shago, ya kwaɓa, ya gasa. Burodin da aka fi saninsu da shi abu biyar ne kawai: garin alkama, ruwa, zuma, yis da gishiri. Sun sakar wa masu shagunan mara wajen tsara shago da abin da za su ƙara sayarwa, amma batun ingancin alkama da niƙa ta sabuwa, nan kam babu sassauci.

Ka ga ke nan sun san abin da za su riƙe da abin da za su saki. To kai ma, Alhaji, tambayar ke nan: mene ne ya sa mai shayi ke tsallake burodin wani ya ɗauki naka? In nauyi ne, sai ka san giram nawa ne kowane curi a sikeli. In laushi ne, sai ka san sau nawa kwaɓin ke bi ta injin murzawa, da tsawon lokacin da ake barinsa ya tashi, na hunturu daban, na bazara daban. Yawancin masu gidajen burodinmu duk wannan a ka yake da hannu. Abin da ke ka kuwa ba ya zuwa Taura sai an rubuta shi: sukari kaza, bota kaza, yis kaza a buhun fulawa mai kilo 50.

Mu a al'adarmu maigida yakan sallami yaronsa ne, ya ba shi jari da addu'a, kowa ya kama gabansa. Wannan tsarin ba sallama ba ne, igiyar tana nan a hannunka. Na ga wasu aminai biyu a wani gari da suka yi irin wannan da baki kawai. Da fulawa ta yi tsada, na biyun ya rage nauyi ya ƙara yis, burodi ya kumbura babu ƙwari, kwana ɗaya ya yi tsami. Masu saye ba su san akwai gida biyu ba, leda suka sani. Mai sunan ne ya sha zagi, zumunci kuma ya lalace. Har yau abin yana damuna.

Don haka ku rubuta, da shaidu. Nawa zai biya, kuma daga ciniki za a cire ko daga riba? Na ciniki ya fi sauƙin lissafi, domin adadin buhunan da aka kwaɓa ba ya ɓuya. Waɗanne kasuwanni ne nasa, waɗanne ne naka, don kada baburanku su haɗu a teburin mai shayi ɗaya? Shekara nawa? In ya saɓa, yaya za ka karɓe sunanka? Ledar kuma kai za ka riƙa bugawa kana ba shi da ƙirge.

Kafin duk wannan, ka tabbata sunan naka ne a hukumance. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC daban take da rajistar tambari, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Sannan NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wurin da ake gashi take dubawa, saboda haka kada ya buga lambarka ta NAFDAC a burodin da aka gasa a wani gida sai kun je ofishinsu an yi abin da ya dace. Ka gargaɗe shi sosai kan sinadarin bromet da wasu ke sawa don burodi ya kumbura. Hukumar ta haramta shi saboda illarsa ga lafiya.

Da ni ne, zan ce ya dawo wajenka ya yi wata uku yana jagorantar kwaɓi da gashi, kai kana kallo kawai. In masu shayi ba su ji bambanci ba, ku sa hannu na shekara ɗaya tukuna. Ka kuma riƙa aiken yaron da ba a sani ba ya sayo maka burodin Taura, ka ɗora a sikelinka, ka ci da shayi.