Hukuncin jinyar karen gadi mai ciwon sukari da allurar da aka samo daga alade

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina zaune a Aboabo, Kumasi. Ina da karya mai gadin gida. Ta fara rama, ga yawan shan ruwa da fitsari, likitan dabbobi ya auna ya ce ciwon sukari ne, ya rubuta mata allurar Caninsulin safe da yamma. Na ji an ce daga alade ake samunta. Ya halatta in saya in riƙa yi mata? Maƙwabta suna cewa kashe kuɗi a kan kare ɓarna ce.

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ka tambaya kafin ka yanke.

Hadisi ya yi rangwamen riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da yawa kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan akwai tsoron ɓarayi. An ruwaito cewa Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi. Tunda riƙon ya halatta, cinta da shanta suna wuyanka. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa akwai lada a kyautata wa duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai, kuma a kan kare mai ƙishirwa aka faɗi wannan magana. Don haka maƙwabtanka ba su yi daidai ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada kuɗin maganin ya ci abincin iyalinka, domin haƙƙinsu ne a gaba.

Taɓa ta ba ya ɓata maka tsarki a mazhabar Malikiyya, domin kare mai rai jikinsa da yawunsa tsarkakakku ne a wurinsu, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai kuwa bin umarnin hadisi ne kawai. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne. Fitsarinta da jininta kam najasa ne, sai ka wanke inda suka taɓa.

Abin da ka ji game da Caninsulin gaskiya ne, insulin ce, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, daga alade ake ciro ta, kuma insulin ɗin alade daidai yake da na kare a gininsa. Dabba ba mukallafa ba ce, malaman Malikiyya ma sun halatta mutum ya ciyar da karnukansa mushe. Inda nauyin yake shi ne ciniki, saboda hadisin Jabir ya haramta sayar da alade. Abin da nake gani: ka tambayi likita ko nau'in insulin na mutane da ake kira NPH, wanda ake haɗawa ba tare da alade ba, zai yi mata, domin ana yi wa karnuka shi. In ya ce zai yi, shi ya fi. In ya ce sai Caninsulin, ka saya don buƙata, babu laifi a kanka. Kada dai ka sauya da kanka, kuma kada ka ba ta ƙwayoyin sukari na mutane, ba sa aiki a jikin kare.

Sakaci wajen allurar ya fi damuna, domin shi ke kashe dabba. Caninsulin tana da yunit 40 a kowane mililita, NPH kuwa 100, kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi NPH da sirinjin 40 har layin 10, yunit 25 ya ɗura mata, wannan yana iya zama ajalinta. Yawanci likitoci suna farawa da rubu'in yunit zuwa rabi ga kowane kilo, wato karya mai kilo 20 za ta fara daga wajen yunit 5, amma adadin na likita ne. Tazarar awa 12 ake so. A Kumasi magariba ba ta nisa da ƙarfe 6 duk shekara, sai ka ɗaure da 6 na safe da 6 na yamma. Abinci tukuna, sannan allura a ƙarƙashin fata, kana sauya wuri. Abincin ya zama iri ɗaya, awo ɗaya kullum. Ragowar tuwo da banku (tuwon masara na Gana) da yara ke jefa mata tsakanin lokuta ta ƙare daga yau. In ta ƙi ci, kada ka yi mata cikakkiyar allura, kira likita. In kana shakkar ko ta shiga, kada ka maimaita.

Kwalbar tana zama a firij tsakanin digiri 2 da 8, ban da wajen ƙanƙara. Ranar da aka ɗauke wuta, sa ta a cikin kula tare da ƙanƙarar da aka naɗe da tsumma. Caninsulin ana girgiza ta har ta yi fari kamar madara, NPH kuwa murza ta ake yi a tafin hannu.

In ka ga tana rawar jiki, tana tangaɗi ko ta faɗi, sukari ne ya sauka, musamman in na'urar awon sukari ta nuna ƙasa da 3.5 mmol/L. Shafa mata zuma a dasashi nan take, kada ka ɗura ruwa a bakin dabbar da ta suma, ka garzaya asibiti. Amai da ƙin ci da kasala kuwa alamar jini ya fara tsami ne, shi ma kada a bari ya kwana ba a je asibiti ba. Bayan mako 1 zuwa 2 likita zai auna jininta duk awa 2 na yini guda kafin ya ƙara ko ya rage. Kada awo ɗaya mai yawa ya sa ka ƙara, domin wani lokaci allurar ce ta yi yawa, sukarin ya faɗi, jiki ya mayar da shi sama.

Tunda mace ce, likita zai so a cire mata mahaifa da ƙwayayen haihuwa, saboda sinadarin da jikinta ke fitarwa bayan lokacin barbara yana hana insulin aiki. Wannan magani ne, ya halatta. Ka kuma sa ran yanar ido, yawancin karnuka masu wannan ciwo suna yin ta. Makanta ba dalilin yasar da ita a titi ba ce. In ɗawainiyar ta fi ƙarfinka, ka ba wanda zai iya. In ba a samu ba, likita kuma ya tabbatar azaba kawai take sha, malamai da dama sun halatta a sauƙaƙa mata mutuwa ta hanyar da ba ta da zafi. Allah ne mafi sani.