Ni ma na ji haushin maigidan da ya ƙi gudu

'Yar'uwa, tambayarki ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Kin ce kin kai tsakiyar wani ƙagaggen labari na Jamus kafin yaƙin duniya na biyu, kin ajiye shi saboda haushin maigidan da ya ƙi kwashe iyalinsa ya bar ƙasar, kina tambaya ko ki ci gaba, ko kuwa marubutan ne ke ƙara gishiri. Wallahi abin da ya same ni ke nan bara.

Nawa littafin labarin wani likita Bayahude ne a Balin. Matarsa tana roƙonsa su tafi, shi kuma sai ya buɗe akwati ya nuna mata lambar yabon da ya samo a yaƙin farko, ya ce ƙasar da ya zubar wa jini ba za ta ci amanarsa ba. Har tsaki nake yi ni kaɗai a ɗaki. Sai daga baya na gane cewa ni ce mai laifi, domin ni na san abin da ya faru da Yahudawan Jamus daga baya, shi bai sani ba. Ki duba: a shekarar 1932 kaɗai, shugabannin gwamnati uku aka yi a Jamus. To da aka naɗa Hitler ranar 30 ga Janairu 1933, me zai hana mutum ya ce shi ma kwanansa ƙidayayyu ne? Ƙauracewa shagunan Yahudawa da aka yi ranar 1 ga Afrilu, yini ɗaya ta yi aka janye. Dokokin Nuremberg, waɗanda suka ƙwace wa Yahudawa 'yancin zama 'yan ƙasa, sun zo a 1935, sai kuma a 1936 aka cire allunan cin mutunci daga titunan Balin saboda baƙin wasannin Olamfik, gari ya yi kamar ya lafa. A matse, a sassauta, a sake matsewa. Kuma batun lambar yabon nan ba ƙarin gishiri ba ne, Yahudawan Jamus kusan 100,000 ne suka yi wa ƙasar yaƙi, wajen 12,000 suka mutu.

Sannan gudun zuwa ina? Mai fita sai ya bar wa gwamnati kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyarsa a matsayin haraji. A watan Yulin 1938 ƙasashe 32 suka taru a Ebiyan ta Faransa kan batun 'yan gudun hijirar, kowa ya yi jaje, kusan babu wanda ya buɗe ƙofa. Duk da haka fiye da rabin Yahudawan Jamus sun fita, wasu kuma suka tsaya a Holan ko Faransa, sojan Jamus ya riske su can.

Amma bari in gaya miki abin da har yau yake ci mini rai. Na kai babin daren 9 ga Nuwamba 1938, daren da aka farfasa shaguna aka ƙone wuraren ibadarsu, aka kama maza kusan 30,000. An ɗauke wuta, da fitilar waya nake karatu, yara suna barci. Aka tafi da likitan, matar ta kai 'yarsu tasha don a saka ta cikin yaran da ake kaiwa Ingila, jakar hannu ɗaya, ba uwa ba uba. Yara wajen 10,000 aka fitar haka. Na kalli tawa 'yar a kwance, na yi kuka har filo ya jiƙe. Da safe na je wurin aiki idona a kumbure, littafin yana jakata, saura mini shafi arba'in da wani abu. Wani abokin aikinmu, dattijo ne ma, da "Baba" nake kiransa, ya gan shi a kan tebur ya ce in ara masa na kwana biyu. Na ce ban gama ba. Ya ce haba 'yata, kwana biyu kawai. Kunya ta hana ni musu. Kwana biyu suka zama wata uku. Kullum na tambaya sai ya ce yana mota, yana gida, yana hannun ɗansa. Ranar da ya dawo da shi, bangon baya babu, shafukan ƙarshe sun zube, ga tabon manja a tsakiya. Ko haƙuri bai ba ni ba. Abin da ya ce a gaban mutane shi ne wai na zauna ina zubar da hawaye kan tatsuniyar Turawa, ai Hitler namiji ne, ya gyara ƙasarsa. Aka yi dariya. Na tsaya kamar an dasa ni, bakina ya mutu. Sai da na koma gida amsar ta zo mini, kamar kullum: a 1937 gwamnatin namijin nasa ta tattara ɗaruruwan yaran da sojojin Faransa 'yan Afirka suka haifa da matan Jamus a yankin kogin Rayin, aka yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfi. Da shi da fatarsa irin tawa, a wane layi za a saka shi? Ban taɓa faɗa masa ba. Muna gaisawa, amma ko biro ba na ara masa.

Yi haƙuri, na yi nisa. Ki ci gaba da karatunki. Abin da ya taimake ni a littattafan da na karanta bayan wannan shi ne 'yar takarda da nake sakawa a ciki, duk babi in rubuta shekarar da ake ciki, in tambayi kaina me mutumin nan ya gani da idonsa zuwa yau. Da haka kuma za ki kama marubuci malalaci. In kin ga an liƙa wa Yahudawa tauraron nan mai ruwan ɗorawa, alamar ware su daga sauran jama'a, a ƙirji a Balin ta 1936, to bai yi bincike ba, sai a Satumbar 1941 aka tilasta shi a Jamus. Ni kuma ba na yarda da littafin da maƙwabta a cikinsa suka kasu biyu, shaiɗanu da waliyyai. Wanda ya fi tsorata ni shi ne mai gidan burodin da ya daina gaisuwa kawai, ya koma kallon ƙasa. Mutumin da ajiyarsa ta zama takardar banza a 1923 saboda faɗuwar darajar kuɗin Jamus, ya ga mutum miliyan shida ba aikin yi a 1932, in marubuci bai nuna miki tsoronsa ba, ba za ki gane yadda jam'iyyar Hitler, da ba ta kai kashi 3 cikin ɗari na ƙuri'u ba a 1928, ta haura kashi 37 a 1932 ba.

Kada ki karanta da dare in ke kaɗai ce a farke. Kuma don Allah kada ki ba kowa aro sai kin kai shafin ƙarshe, ko babanki ne. Ni har yau ban san ko likitan ya dawo gida ba. Ke a wace shekara maigidan naki yake yanzu? In bai wuce 1935 ba, ki ɗan yi masa uzuri tukuna.