Amsar Kawu kan biranen mafaka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana karanta Littafin Joshuwa sura 20, abu ɗaya ya tsaya maka a rai: in mutum ya yi kisa ba da gangan ba, don me zai bar gida da gona ya tsere wani gari kamar mai laifi?

Ka fara da misalin da ke Maimaitawar Shari'a sura 19. Mutum biyu sun shiga jeji saran itace. Ɗaya ya ɗaga gatari, ruwan gatarin ya fice daga ƙota, ya sami abokinsa, ya faɗi matacce. Ba gaba tsakaninsu, ba ko cacar baki. To amma wa ya gani? A zamanin nan babu ɗan sanda, alhakin bin jini yana wuyan dangi mafi kusa, shi ake kira mai ɗaukar fansa. Wanda aka kawo wa gawar ƙanensa da rotsi a ka ba zai tsaya tambayar ƙota ba. Kai ma ka sha gani, direba ya kaɗe mutum a hanya, bai tsaya ba sai ofishin 'yan sanda. Sau da yawa ba shari'a yake gudu ba, taron jama'a yake gudu.

Biranen mafakar shida ne daga cikin birane 48 na Lawiyawa, wato kabilar da ke hidimar ibada: Kedesh, Shekem da Hebron a yammacin Kogin Urdun, Bezer, Ramot da Golan a gabas. An warwatsa su don kada nisa ya sa a cim ma mai gudu. Baƙo ma yana da wannan dama, ba Ba'isra'ile kaɗai ba.

In ya isa, a ƙofar gari zai tsaya ya faɗa wa dattawa abin da ya faru, su ba shi masauki. Sannan a zauna shari'a, a bincika ko akwai tsohuwar ƙiyayya, ko ya yi kwanto, ko da makami ya buge shi. In ganganci ne, daga birnin ma za a fito da shi, kuma shaidar mutum ɗaya ba ta isa a yanke masa hukuncin kisa ba.

Inda na fi so ka lura shi ne Littafin Ƙidaya sura 35. Ko an wanke shi, ba ya komawa gida sai babban firist ya rasu, ko shekara ɗaya ce ko talatin. Ya kuskura ya ƙetare iyakar garin, mai fansa ya same shi, ba a tuhumar kowa. Kuɗi kuma ba ya sayen dawowarsa. A nan aka bambanta da maƙwabtanmu Musulmi, da suke da diyya a kisan kuskure. A ganina hikimar ita ce, matar mamacin ba za ta riƙa karo da shi kullum a bakin rijiya ba, shi ma ya san sakacin duba ƙota ya ci rai.

Kada ka zaci kowa ya kiyaye wannan doka. Abner, shugaban sojojin gidan Sarki Saul, ya kashe Asahel, sojan Dawuda, a fagen yaƙi bayan ya gargaɗe shi sau biyu. Yowab, wan Asahel, ya ja Abner gefe kamar za su yi asiri, ya soke shi a ciki, a ƙofar Hebron ɗin nan. Da tasa ta zo a zamanin Sulemanu, Yowab ya ruga ya kama ƙahonin bagade, wato wurin miƙa hadaya, yana neman mafaka, can aka bi shi aka kashe.

Ka gaida mahaifiyarka.